BAƘO DA MASAUKINSA: Nasiha Ga 'Ya'yanmu Masu Tafiya Karatu Ƙasar Masar

(Jawabin da aka gabatar a madadin 'yan kasuwa wajen taron sallamar ɗalibai da ƙungiyarmu ta shirya a Kafanchan)

  



Malamai sun riga sun yi bayani mai gamsarwa a kan falalar neman ilmi, ba mu da abin ƙarawa a wannan fage. Mu 'yan kasuwa abin da aka ba mu shi ne maganar zaman baƙunci, tun da sana'armu ce kullum mu kwana a garin da ba namu ba. To, abin da muka lura da shi a cikin shekarun nan, daga yaran da suka je suka dawo da kuma 'yan'uwanmu masu zuwa Alƙahira saro kaya, shi ne: yaron da ya dawo gida hannu rabbana, da wuya ka ji an ce karatun ne ya fi ƙarfin kansa. Galibi tun a watanni ukun farko abin ya karkace, wajen masauki, ko takarda, ko kuɗi, ko abokai. Saboda haka a kan waɗannan watanni uku za mu tsaya.

Jama'a, mu fara da tuna ko mu su wane ne. Wasunmu kakanninsu tun Jama'a Sarari suke a ƙasar nan, tun farkon ƙarni na 19. Wasunmu kuwa jirgin ƙasa ne ya kawo iyayenmu, bayan da hanyar reluwe ta Fatakwal ta haɗu da ta Kaduna da ta Jos a nan Kafanchan a 1927, har Sarkin Jama'a ya dawo da fadarsa nan a 1933. Daga Kano aka zo, daga Zazzau, daga Katsina, daga Bauci. Suka tarar da Fantsuwam da Kaninkon da Kagoro da Bajju, ga kuma Ibo da Yarbawa ma'aikatan reluwe. Da me suka zauna? Bafatake in ya sauka a tasha, mai masauki yake fara nema, tun kafin ya tambayi farashin kaya. Mai masauki shi ne zai ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillalin kirki, ya gaya masa wa ake ba bashi, wa ba a ba. Bafataken ya koyi gaisuwar mutanen gari, ya san abin da suke ƙi, ya riƙe lissafinsa, ya kame bakinsa. Har gobe da wannan tsari muke shiga Kwoi da Kaciya sayen citta. To, 'ya'yanmu, wannan gadon shi ne babban guzurin da za mu ba ku, ya fi abin da ke cikin akwatunanku.

Kuma kada ku ɗauka ku ne farkon masu taka wannan hanya. Tun a ƙarni na 13 sarakunan Kanem suka kafa makaranta a Masar saboda ɗalibansu da alhazansu, kuma a cikin masallacin Azhar kansa an daɗe da keɓe wa mutanen Barno wurin zama. Imam Suyuɗi, mutumin Masar, ya rubuto wa Sarkin Katsina wasiƙar nasiha a ƙarshen ƙarni na 15. Mukhtasar ɗin da malamanmu suke karantarwa a zaure, mai shi Shehu Halilu a Masar ya rayu, a can aka rufe shi. Azhar ɗin nan ta haura shekara 1,000 da ginawa, kuma tun 1961 aka ƙara mata fannonin zamani irin su likitanci da injiniya. Kun ga ashe garin malaman malamanku za ku. Amma duk da haka baƙi ne ku, baƙo kuwa ko da idonsa makaho ne.

Abu na farko, masauki. Kada wanda ya hau jirgi a Kano ko Abuja sai ya san wanda zai tarye shi a filin jirgin Alƙahira, da sunansa, da lambar wayarsa a rubuce a takarda, domin waya tana iya mutuwa a hanya. Garin da za ku, shi da kewayensa, mutanensa sun haura miliyan 20. Akwai gidan kwanan ɗalibai baƙi na Azhar da ake kira Bu'us, a wajen Abbasiyya, amma galibi waɗanda suka sami gurbin tallafi su ake ba ɗaki a can. Wanda iyayensa ne ke ɗaukar nauyinsa, haya zai kama, ko dai a Darrasa kusa da masallacin Azhar, ko a unguwannin Madinatu Nasar. A can dillalin gida sunansa simsar, kuma yana da la'adarsa kamar namu. Mai gida zai nemi kuɗin ajiya ban da na wata. Kowane bene da mai gadinsa, bawwab, wanda ya san shigar kowa da fitar kowa. Ku girmama shi, ku riƙa yi masa ɗan alheri, ranar da famfo ya fashe ko wuta ta lalace za ku ga amfaninsa. Kada ku ba da ko sisi sai an rubuta yarjejeniya, kuma wani tsohon ɗalibi ya karanta ta.

Sannan ku duba da wa za ku haɗa ɗaki. Tsohon ɗalibi shi ne mai masaukinku, amma tsofaffin ɗalibai iri biyu ne. Akwai wanda ya daɗe domin yana hawa aji bayan aji, akwai wanda ya daɗe domin ya maƙale a wuri ɗaya. Gane su ba wuya. Ku tambayi mutum ajinsa nawa, yaushe ya zo, sa'an nan ku lura da ƙarfe nawa yake kwanciya, ko kuma ana ganinsa a sallar asuba. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Abu na biyu, takarda. A nan gida mun saba mutum ya shekara bai taɓa katin shaidarsa ba. Can ba haka ba ne. Bizar da kuka shiga da ita ta ɗan lokaci ce, wajibi ne a mayar da ita iznin zama, wato iƙama, da takardar shaida daga makaranta, kuma a riƙa sabuntawa kafin ta ƙare. Da can a babban ginin Mugamma na dandalin Tahrir ake yi, amma tun 2019 aka mayar da babban ofishin Abbasiyya. Layi ne mai tsawo, ana yin sammako, kuma za ku sha jin kalmar "bukura", wato gobe. Ku yi haƙuri ku koma goben. A 2023 gwamnatin Masar ta fitar da doka cewa baƙon da ke zaune ba bisa ƙa'ida ba sai ya biya dala 1,000 kafin a daidaita masa zamansa. Ku lissafa buhun citta nawa ke nan. Wanda iƙamarsa ta mutu ya zama kamar ɗan kasuwar da ya ɗauko kaya ba rasit, duk shingen da ya hango sai gabansa ya faɗi, daga nan sai ya daina fita, daga daina fita sai daina zuwa aji.

A makon farko ku je ofishin jakadancin Nijeriya ku ba da sunayenku, ku kuma shiga ƙungiyar ɗaliban Nijeriya da ke can. Ku yi hoton fasfo kwafi uku: ɗaya a aljihu, ɗaya a akwati, ɗaya a nan wurin iyaye. Wannan ba tsoratarwa ba ce. Duk mun ga abin da ya faru a watan Afirilu na 2023, da yaƙi ya ɓarke a Hartum. Ɗalibanmu na Sudan motoci aka kwashe su zuwa iyakar Masar, suka yi kwanaki a sarari kafin a bar su su shiga, sai a farkon watan Mayu jiragen farko suka taso da su daga Aswan. A irin wannan rana, wanda sunansa ke cikin rajista, fasfonsa na hannunsa, shi ake fara kira.

Wani abu kuma da ya shafi hanya: kada ku karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko da tsohuwa ce ta roƙe ku da girman Allah. Maganin da ake sayarwa a teburi a nan, can yana iya zama ɗauri. A 2017 an yanke wa wata Baturiyar Ingila shekara 3 a Masar saboda ƙwayoyin Tramadol da aka samu a jakarta. In ba a ɗaga wa Baturiya ƙafa ba, ɗan Kafanchan fa? Mai shan magani na dole ya tafi da takardar likita.

Abu na uku, harshe. Nan ne da yawa suke shan mamaki. Yaro ya haddace Alƙur'ani, ya karanta Nahawu, ya sauka a Alƙahira ya tarar ba ya jin abin da direba ke faɗi. Larabcin titi daban, na littafi daban. Harafin jimun su "ga" suke faɗinsa, ƙafun kuwa haɗiye shi suke yi. In za su ce yaya kake sai su ce "izzayyak", nawa ne "bikam", babu "mafish", yi haƙuri "ma'alesh". Wasu yaranmu sai su raina wannan, su ce gurɓataccen Larabci ne, ba za su koya ba. To ku sani, malamai da yawa ko a cikin aji da shi suke yin bayani. Mu da muke shiga ƙauyukan Jaba mun sani, ranar da ka gai da mai citta da harshensa, ranar ciniki yake sauƙi. Ku ware wa kanku lokaci kowace rana ku yi hira da mai shago da mai wanki da bawwab. Za su yi muku dariya, ku taya su dariyar. Wanda ya kulle kansa a ɗakin Hausawa shida, Hausa safe Hausa dare, zai shekara huɗu ya dawo da Hausar Kano da ta Sakkwato, Larabcin kuwa yana nan inda ya bar shi.

Abu na huɗu, tsarin karatun kansa. Iyaye ku saurara da kyau, domin a nan ake samun saɓani tsakanin uba da ɗa. Ba kowa ne yake sauka ya shiga jami'a kai tsaye ba. Ana fara yi wa baƙo jarrabawar gwajin matsayi. Wanda Larabcinsa bai nuna ba a tura shi cibiyar koyon harshe. Wanda Azhar ba ta daidaita takardar sakandarensa da tata ba, a mayar da shi makarantar share fage ta ɗalibai baƙi. Saboda haka digirin shekara 4 yana iya cin shekara 6, ko ma fiye, ba tare da yaro ya yi laifin komai ba. A yi wannan lissafi tun yanzu, kada a je tsakiyar kogi a ce guzuri ya ƙare.

Ku kuma ɗalibai, a can ba mai bin ku da bulala. A manyan azuzuwa ɗalibai ɗaruruwa ne, ba lalle malami ya san wanda ya zo da wanda bai zo ba. Jarrabawa ce za ta tona asiri. Ku sayi littattafan darasi tun farkon zango, ku raba shafukansu bisa kwanaki, kamar yadda muke raba bashi bisa ranakun kasuwa. A cikin masallacin Azhar akwai darussan zaure kyauta, irin namu na gida, ga shagunan littattafai nan bayan masallacin, ga kuma babbar kasuwar baje kolin littattafai da ake ci kowace shekara wajen ƙarshen Janairu. Amma a kula, kada daɗin zaure ya sa a bar darasin da za a yi jarrabawa a kansa. Wanda ya aike ku takardar shaida yake jira tare da ilmin.

Abu na biyar, kuɗi, kuma a nan mu ne malaman. Kafin watan Yuni na 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati wajen naira 460 take, zuwa Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. A damunar 2023 ɗin nan kuma cuta ta faɗa wa citta a Kaciya da Jaba da Kagarko da nan Jama'a, manoma da 'yan kasuwa aka tafka asara. Can Masar ma a watan Maris na 2024 kuɗinsu ya faɗi, daga wajen fam 31 a dala zuwa kusan 50, kaya suka yi tsada. Wato kuɗin da za a aiko muku ya bi ta wuta biyu kafin ya iso hannunku. Ku sayi ɗan littafi ku riƙa rubuta duk abin da ya fita, ko da kuɗin shayi ne. Ranar da kuɗi suka zo, a fara cire na haya, a cire na iƙama, a cire na littattafai, abin da ya saura shi ne na ci. Wannan uwar kuɗi ce, ba a taɓa ta don sayen sabuwar waya. Kada ku ci bashi a watan farko, kada kuma ku bayar. Canji kuwa a yi shi a banki ko wurin da hukuma ta yarda. Ribar bayan fage ba ta kai wahalar ofishin 'yan sanda ba.

Akwai wani tarko da mu 'yan kasuwa muke haƙa wa yaranmu da hannunmu. Da an ji yaro yana Alƙahira sai saƙo ya fara zuwa: a sayo jallabiya dozin biyu, a sayo abaya, a raka wane asibiti, a yi wa wane tafinta. Yaro ya ɗanɗana la'ada, sai aji ya fara yi masa nisa. Muna roƙon 'yan'uwanmu Alhazai, a bar yaran nan su yi shekarar farko ba aike. Kasuwa tana nan, ba inda za ta.

Abu na shida, ciki da jiki. Abincinsu na yau da kullum gurasa ce da suke kira "esh", da wake dafaffe mai suna "ful", da wani irin ƙosai, "ɗa'amiyya", da "kushari", wato shinkafa da taliya da 'yan ƙananan wake a haɗe. Da araha, kuma da riƙe ciki. Ku saba da shi tun da wuri. Iyaye mata, ku zuba musu kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji, a ɗaure da kyau, domin ranar da kewar gida ta taso, tukunyar miyar kuka tana maganin abin da nasiha ba ta yi. 'Yan kwanakin da suka rage kuma a sa samarin nan a gindin murhu su koyi tuƙa tuwo, ba abin kunya ba ne. Sanyinsu daga Disamba zuwa Fabrairu ya fi hunturun da muka sani a nan, har ruwa yakan sauka a cikinsa, ɗakunan kuwa tayil ne. A tanadi bargo da rigar sanyi da safa. Kada a kwana da gawayi ko murhun gas a kunne a ɗaki rufe, yana kisa ba a ji ba. 'Yan matanmu kuma su sani, a jirgin ƙarƙashin ƙasa na Alƙahira akwai taragun da aka keɓe wa mata, su riƙa shiga nan, kuma su riƙa fita bibbiyu.

Abu na bakwai, kuma shi ya fi nauyi, baki. Za ku shiga masallaci ku ga liman ya bayyana Bisimilla, ku ga ana wasu abubuwa ba yadda aka koya muku a Islamiyya ba. Masar ƙasar Shafi'iyya ce da Hanafiyya da Malikiyya, kabarin Imam Shafi'i ma a Alƙahira yake. Ku tambayi malami kafin ku ce wani ya yi kuskure. Rigingimun ƙungiyoyin addini na gida kuma ku bar su a filin jirgi, kada ku je ku raba ɗakin kwana a kansu. Siyasar ƙasar mutane ba ruwanku da ita, a baki ko a waya. A watan Agusta na 2013 an zubar da jini mai yawa a dandalin Rabi'a, cikin Madinatu Nasar ɗin nan da za ku zauna, kuma hukumarsu ba ta wasa da wannan magana. In kun ga taro, ku sake hanya.

Mu mutanen Kafanchan ba sai an gaya mana abin da magana take haifarwa ba. Rikicin watan Maris na 1987 a tsakanin ɗalibai ya faro, a Kwalejin Ilmi, kafin a ankara wutar ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa. A 2011 muna ji muna gani kasuwarmu ta ƙone. Kowane ɓangare ya yi kuka, kuma har yau ana ɗinkin wannan ɓaraka. To, wanda ya tashi a irin wannan gari ya kamata ya fi kowa sanin darajar zaman lafiya da maƙwabci. A Masar ma akwai Kirista, Kibɗawa, ana ƙiyasta kusan mutum ɗaya cikin goma. Wataƙila mai gidan hayarku ko mai kantin maganin unguwarku ya kasance ɗaya daga cikinsu. Kun riga kun iya wannan zama tun daga gida.

Ba za mu ɓoye muku ba, za ku gamu da yaran titi masu tsokanar baƙar fata. Abin da ciwo. Amma dambe a ƙasar mutane, ko kai ke da gaskiya, kai ne za a tambaya takarda. Ku wuce abinku. Za ku kuma gamu da mutanen kirki masu yawa, musamman da azumi, lokacin da ake shimfiɗa teburan buɗa baki a titi don kowa da kowa. In an tambaye ku daga ina, ku faɗa da ƙarfinku. In sun nuna muku dalar Fir'auna, ku ba su labarin Nok da ke nan ƙasar Jaba kusa da mu, inda masu haƙar kuza suka tono kayan yumɓu a 1928, aikin mutanen da suka rayu fiye da shekara 2,000 da suka wuce.

Daga ƙarshe, mu iyaye, namu ya rage. Mu sa rana ɗaya a wata ta aika kuɗi, ko kaɗan ne, mu kuma cika, domin mai gidan haya bai san citta ba ta yi ba. In mun kira waya, mu tuna agogonsu yana gaban namu da awa ɗaya, da bazara awa biyu, kuma hutunsu Juma'a ne. Mu tambayi abin da ya dace: yaushe iƙama za ta ƙare, wa kake kwana da shi, turo mana sakamakon jarrabawa mu gani. Kada mu riƙa ɗora musu kowace ƙaramar rigimar gida. In yaro ya ce ya gaji, yana son dawowa a wata na biyu, kada a zage shi, kada kuma a yi saurin saya masa tikiti. Kewa ce, kusan kowa yana yinta, takan wuce in an sami mai rarrashi. Muna kuma ba shugabannin wannan ƙungiya shawara a buɗe rajistar duk ɗanmu da ke waje, da ƙasar da yake, da ranar ƙarewar takardunsa, a kuma kafa ɗan asusu na ko-ta-kwana da za mu riƙa zuba wani abu duk wata. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu 'yan kasuwa a shirye muke mu fara zubawa yau kafin a tashi.

'Ya'yanmu, makarantun Islamiyyarmu suna jiran malamai, asibitocin garin nan suna jiran likitoci, musamman likitoci mata. Ku je ku zauna lafiya da mutane, ku ɗauko abin da aka aike ku, ku dawo.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya haɗa ku da masu masauki nagari, Ya tsare ku daga sharrin hanya da na abokai, Ya ba ku ilmi mai amfani. Allah Ya ba iyaye abin ɗaukar nauyi ta hanyar halal. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da Kafanchan da ƙasarmu baki ɗaya lafiya. Amin.